Gani Ya Kori Ji, Amma Daga Ina Aka Tsaya?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ido, ya kuma halicci hasken da ido ke gani da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, batun wannan mako shi ne ɗaukar hoto, da wata tambaya da ke kwance a ƙarƙashinsa wadda ba kasafai ake ɗago ta ba.

Duk wanda ya haye babbar gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu da sassafe, ko da la'asar sakaliya, ba wuya ya ci karo da wani saurayi ko wata budurwa riƙe da wayar hannu, an karkata kai ana auna wani abu da ido. Waɗannan ba masu sana'ar hoto ba ne irin waɗanda ake kira wurin biki ko suna. Sha'awa ce kurum. Wani zai durƙusa a gefen dogo a Makera har haɓarsa ta kusa taɓa tsakuwa, don ƙarafan nan biyu su fito kamar sun haɗe can ƙarshen gani. Wani zai tsaya gindin katangar tsohuwar masaƙa a Kakuri ya ɗaga wayar sama, sai katangar ta fito kamar za ta taɓo gajimare. Wani kuwa bakin kogi yake sauka ta wajen Barnawa, ya jira kwalekwalen masu ɗibar yashi ya gifta ta gaban balbelu. Akwai ma waɗanda ba su fita ko'ina: butar alwala, da inuwar rariya a jikin bango, da ƙullin igiyar guga, sun ishe su aikin yini guda. Dattawa kan wuce su suna girgiza kai, suna cewa rashin aikin yi ne.

Tambayar da aka saba yi ita ce ko hoto ya halatta, kuma malamai sun daɗe da yin magana a kanta. A mazhabar Malikiyya, abin da aka haramta kai tsaye shi ne surar mai rai wadda aka sassaƙa cikakkiya har tana da inuwa. Wadda aka zana a shimfiɗe hukuncinta ya fi sauƙi, itace da dutse da gini kuwa ba a hana surarsu ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi, sa'an nan ya nuna masa cewa in ya zama tilas, to ya tsaya ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Da na'urar hoto ta zo, Shehu Muhammadu Bakhit, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar, ya rasu cikin 1935, ya rubuta risala yana cewa aikinta tsare inuwar abu ne kamar yadda madubi ke nunawa, ba ƙaga halitta ba. Wasu malaman ba su yarda ba sai bisa lalura, kamar hoton fasfo. Ko ta wace fuska aka bi, yaron da ke ɗaukar gada da kogi da buta bai shiga wannan saɓani ba. Nasa alhakin yana wani wuri dabam.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Karin maganar gaskiya ce, amma akwai wani malami Musulmi da ya share shekaru yana binciken iyakarta. Shi ne Hasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir ya rushe ra'ayin da ke cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓo abu; ya tabbatar da cewa haske daga abin yake tasowa ya shiga ido, a miƙe. Ya gwada haka da ɗaki mai duhu wanda aka yi wa 'yar ƙofa: aka jera fitilu a waje, hasken kowace ya ratsa ƙofar ya sauka a bango daura da ita, in an rufe fitila ɗaya sai nata hasken kaɗai ya ɓace. Kyamarar da ke jikin kowace waya a yau, ɗakin nan ne aka ƙanƙantar. Abin lura shi ne, cikin kashi bakwai na littafin, kashi guda sukutum ya ware wa kurakuran gani, watau yadda nisa, da matsayin mai kallo, da ƙarancin haske, da gajartar lokaci ke sa ido mai lafiya ya kawo wa hankali labarin da ba haka yake ba. Ƙarafan dogo ba su taɓa haɗuwa ba, ko a Makera ko a Kano. Ido ne ya ce sun haɗu, kuma bai yi ƙarya da gangan ba. Daga inda aka tsaya haka abin ya bayyana.

A nan ya kamata a yi wa samarin nan adalci kafin a ɗora musu nauyi. Mutumin da ya durƙusa don ya ga buta daga ƙasa ya yi wani abu da yawancin jama'a suka manta da shi, watau sake duban abin da aka saba da shi. Suratul Mulk ta umurci mutum ya mai da dubansa ga sama, ya sake maimaitawa, ko zai ga wata ɓaraka. Suratul Gashiya kuwa ta ja hankali ga raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, abubuwan da Balaraben wancan zamani ke gani kullum har ya daina ganinsu. Sabo makanta ce ta wani fanni. Wanda ya haye gadar Kaduna shekara ashirin yana iya kasa faɗin yadda launin ruwan ke sauyawa tsakanin Agusta da Fabrairu, alhali yaron da ake yi wa dariya ya sani, gama ya tsaya ya jira. In jiran nan ya kai shi ga tuna Mahaliccin ruwan, to ya sami rabo daga tafakkuri, ko da bai san sunansa ba.

Sai dai wanda ya zaɓi inda zai tsaya, ya zaɓi kuma abin da zai bari a waje. A ɗauki masaƙun Kakuri. Kamfanin Kaduna Textiles ya fara aiki cikin 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, wasu masaƙu suka biyo baya cikin shekarun 1960, har unguwannin Kakuri da Makera da Nasarawa suka cika da ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar nan. Kamfanin ya rufe cikin 2002, ma'aikatansa suka daɗe suna bin haƙƙoƙinsu, wasu har suka rasu suna jira. To, saurayi ya zo da la'asar, rana ta faɗo a kan tsatsar wata ƙofa ta mai da ita kamar jan zinariya, ya ɗauka, ya watsa, abokai suka yaba. Taku biyar daga hagunsa akwai wani dattijo zaune a benci wanda ya shige ta ƙofar nan kowace safiya tsawon ƙuruciyarsa, bai kuwa shiga hoton ba. Babu ƙarya ko ɗaya a hoton. Tsatsar gaskiya ce, hasken gaskiya ne. Shin an yi wa dattijon laifi?

Mai saurin hukunci zai ce an yi. Amma a dakata. Babu hoton da zai ɗauke kome da kome, kamar yadda babu idon da ke ganin gaba da baya a lokaci guda. Allah kaɗai ke gani ba daga wata kusurwa ba. Ɗan Adam dole ya tsaya a wani wuri, wurin kuwa dole ya tsare masa wani abu. Da barin abu a waje zunubi ne, da buɗe ido ma ya zama zunubi. Iyakar abin da za a ce wa saurayin nan shi ne ya yi gafala in bai taɓa juyawa ya gai da dattijon ya ji labarin ƙofar ba, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gafala abar zargi ce, amma ba ita ce algus ba.

Algus yana farawa ne a inda wani zai gina shawara a kan hoton. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tarin, ya ji danshi a ƙasa. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai aka tambaye shi abin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, aka kuma sanar da shi cewa mai algus ba ya cikin jama'ar Annabi. A duba da kyau: mutumin nan bai furta ƙarya ba, busasshen hatsin da ke sama kuwa hatsi ne na gaske. Laifinsa duka a jeri yake, watau ya tsara abin da ido zai fara faɗawa a kai. Wannan shi ne ainihin aikin kusurwa. Dillalin da zai sayar da gida kusa da kogi, a unguwar da ambaliya ta shiga cikin 2003, ya tsaya daidai inda bishiyar mangwaro za ta rufe shatin ruwa a jikin bango, ya aika wa mai saye da ke Legas, to hannunsa da na mai hatsin nan ɗaya ne. Ma'aunin kuwa ba shi da wuya: in wanda ya ga hoton ya zo wurin da ƙafarsa, zai ce an nuna masa abin da bai lura da shi ba, ko zai ce an cuce shi?

Wannan magana ta fi nauyi a Kaduna bisa ga sauran garuruwa, saboda abin da kogin ya zama. Bayan rikicin Fabrairu 2000, da na Nuwamba 2002, jama'a da yawa sun kwashe kayansu, Musulmi suka yi arewa, Kirista suka yi kudu, har aka wayi gari ruwan da dā ake hayewa zuwa aiki ya koma kamar iyaka. An haifi yara a Rigasa da Tudun Wada waɗanda abin da suka sani game da Sabon Tasha ko Unguwar Romi bai wuce abin da waya ta nuna musu ba, haka nan kuma ta can ɓangaren. A irin wannan gari, hoto shaida ne. Duk lokacin da hankali ya tashi, sai a ga hoton masallacin da aka ƙona yana yawo a hannun waɗannan, hoton cocin da aka ƙona yana yawo a hannun waɗancan, wataƙila kuwa gine-ginen biyu a layi ɗaya suke, mai ɗauka ne ya ba wa ɗayan baya. Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, ta kuma danganta zunubin ga zuciyar mai ɓoyewa. Suratul Hujurat ta umurci muminai su bincika labari kafin su afka wa mutane cikin jahilci su dawo suna nadama. Rabin shaida da aka bayar a madadin cikakkiya ya fi ƙarya tsagwaronta haɗari, domin ƙarya ana iya kama ta, shi kuwa duk wanda ya je dubawa zai tarar da tokar nan tana nan.

Ta wannan fuska, yaron da ke ɗaukar mai shayi a Kakuri da gari ya waye, bencinsa cike da mai hula da mai sarƙar gicciye suna jiran ruwa ya tafasa, shi ma ya zaɓi kusurwa, kuma ba ita ce dukan labarin kudancin Kaduna ba. Amma ya ba da wani yanki na shaida wanda ba mai ɗauka sai irinsa, tun da zaman lafiya ba ya tara 'yan kallo.

Saura wani abu guda da zai iya rikita mai karatu. Addinin da ya hana ɓoye jiƙaƙƙen hatsi shi ne kuma ya yi umurni da suturta aibin ɗan'uwa, ya hana leƙen asirin mutane, ya kuma bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izini kafin shiga gida. Ashe ke nan akwai inda barin abu a waje shi ne wajibi. Wanda ya hau bene a Narayi don ya ɗauki jerin rufin kwano da rana ke faɗuwa a kansu, in tsakar gidan maƙwabci da matansa suka shigo cikin hoton, tilas ya karkata wayarsa, ko da kyan hoton zai ragu. Haka nan budurwar da ke sha'awar furen da ya hau katangar wata gwauruwa: ɗakin da ya rufta a bayan katangar ba nata ba ne ta nuna wa duniya. Dillali ya ɓoye shatin ruwa don kuɗin mai saye su shigo aljihunsa. Ita kuwa ta bar ɗakin a waje ne don kada a yi da talaucin tsohuwar a bakin mutanen da ba za su kawo mata ko bulo ɗaya ba. In kuma tana da nufin a taimaka a tayar da ɗakin, sai ta yi sallama ta shiga ta nemi iznin mai shi, sa'an nan ta ɗauka daga inda ɓarnar ta fi fitowa.