Idan Ɗan'uwanka Ya Soki Ikilisiyarka

Karatu: 1 Bitrus 3:13-17, Markus 9:38-41

Ranar Jumma'a da azahar hanyoyin da ke kewaye da babban masallacin Treichville a birnin Abijan sukan cika da tabarmi. A cikin sahu akwai Hausawa da yawa, 'yan kasuwa daga Nijar da Nijeriya, waɗansu a nan aka haife su. Har abincin da talakan Abijan ya fi sani, garin rogo da soyayyen kifi, sunan Bahaushe ya ɗauka, ana ce masa garba. A cikin waɗannan unguwanni kuma, daga Treichville har Adjame, akwai majami'un Katolika, da na Metodis, da na Fentikos. Maƙwabcinka Musulmi bai damu da sunayen nan ba. A wurinsa dukanmu Kirista ne, abin da ɗayanmu ya faɗa a kan ɗaya kuwa yana shiga kunnensa.

To, ga tambaya. Saurayi ɗan Katolika yana zaune a rumfar kasuwa, sai wani mai bi daga wata ikilisiya ya ce masa, a gaban mutane, ku masu bautar gumaka ne, kun mai da Maryamu Allah. Abin ya yi masa zafi. Ya tara abokansa domin su riƙa zama kowane mako, su yi nazari, su shirya amsoshi. Daidai ne ko ba daidai ba ne?

A ganina daidai ne, kada kuma wani ya hana su da sunan zaman lafiya. Manzo Bitrus ya umarci masu bi su zauna da shirin bayyana dalilin begensu ga wanda ya tambaya. Mutumin da aka faɗi ƙarya a kan bangaskiyarsa, ya yi shiru domin bai san amsa ba, rashin sani ne ya rufe masa baki, kada mu kira wannan tawali'u. Zargin nan kuwa, kamar yadda aka faɗe shi, ba gaskiya ba ne. Tun a majalisar Nikiya ta biyu, a shekara ta 787, aka bambanta girmamawa da sujada, aka ce sujada ta Allah ce shi kaɗai, wannan ita ce koyarwar Katolika har yau. Kana iya cewa ba ka yarda da roƙon tsarkaka ba, kana iya cewa abin da kake gani a aikace ya wuce abin da aka rubuta. Wannan gardama ce mai ma'ana. Amma ka ce sun koyar cewa Maryamu Allah ce, shaidar zur ke nan, doka ta hana ta, ko a kan wa aka yi.

Haka kuma kai ɗan Katolika, idan ka ce Furotesta sun koyar cewa mutum ya ba da gaskiya kawai ya ci gaba da zunubinsa, kai ma ka yi musu ƙage. A ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg na Jamus, wakilan Katolika da na Lutaran sun sa hannu a kan sanarwa guda, cewa ta wurin alheri ake samun ceto, ba ta wurin cancantarmu ba, kuma Ruhu Mai Tsarki ne ke kiran mu ga ayyuka nagari. Metodis sun shiga cikinta a 2006. Gardamar da ta tashi tun zamanin Martin Luther a 1517 ke nan. Da yawa daga cikin masu ɗaga murya a kasuwa ba su taɓa jin labarin wannan takarda ba, suna faɗa a kan filin da shugabanninsu suka riga suka sulhunta a kansa.

Amma ga inda haɗarin yake. Taron da aka kafa domin kāre gaskiya yakan juya, a hankali, ya zama taron kāre ɓangare. Alamar ita ce wannan: sa'ad da abokin gardamarka ya faɗi abin da yake daidai, me kake ji a zuciyarka? Idan haushi ne, to, nasara kake nema.

Ka duba abin da ya faru a Uganda. A ranar 3 ga Yuni 1886, a Namugongo, Sarki Mwanga ya sa aka ƙone samari masu bi, 'yan Katolika da 'yan Angilikan, a wuri ɗaya. Masu hura wutar ba su tambayi kowa ko littattafai 73 ne a cikin Littafinsa Mai Tsarki ko 66 ba. Shekara shida ba ta cika ba, a Janairu 1892, waɗanda suka tsira suka ɗauki bindiga a kan juna a Mengo. Ana kiran ɓangare ɗaya na Faransa, ɗaya na Ingila. Wanda ya ba Furotesta makamai a ranar shi ne Lugga, wannan dai da sojojinsa suka ci Kano a 1903. Kowane ɓangare yana ganin bangaskiya yake kārewa, alhali sarauta da filaye ne a ƙarƙashin maganar, Turawa kuma suna da nasu lissafin.

Ƙasar Kodebuwa ma tana da labarin da ya kamata ka sani. A 1913 wani mai wa'azi daga Laberiya, William Wade Harris, ya bi gaɓar teku da ƙafa, da farar riga, da gicciye na gora, da Littafi Mai Tsarki. Mutane fiye da 100,000 suka ƙone tsafinsu suka karɓi baftisma kafin Faransawa su kore shi a 1915. Bai kafa suna domin kansa ba. Inda akwai majami'a ya tura mutane can, majami'un Fadan Katolika, waɗanda suka sauka a Grand-Bassam tun 1895, suka cika. Inda babu, ya ce su gina ɗakin addu'a su jira masu koyarwa. A 1924 ɗan mishan na Metodis, William Platt, ya same su suna jira. Daga baya ne aka shiga ja-in-ja a kan garken da ba wanda ya sha wahalar tara shi. Yahaya ma ya taɓa kawo wa Ubangiji ƙarar wani mai fitar da aljanu da sunansa, domin ba ya cikin ƙungiyarsu. Yesu ya hana su tsai da shi.

Kada ka ɗauka ina cewa bambancin ba kome ba ne. Ikon Paparoma, matsayin Maryamu, ma'anar Jibin Ubangiji, waɗannan manyan al'amura ne, ba a kuma daidaita a kansu ba tukuna. Wanda ya ce duka ɗaya ne domin a rabu lafiya, ya raina Fada ya raina Fasto. Mutane sun ba da ransu a kan waɗannan abubuwa. Sai dai akwai gida da yawa, a Abijan da Jos da Maraɗi, inda miji yake zuwa wata majami'a matar kuma wata. Kalmar da ka jefa a rumfa tana iya isa wannan gida da dare, 'ya'ya su ji an ce uwarsu ko ubansu ɓatacce ne.

Idan kuna da irin wannan zama, ga abin da nake roƙonku. Kafin ku amsa wa kowa, ɗayanku ya tashi ya faɗi koyarwar ɗaya ɓangaren, yadda mai ita zai ji ya ce, i, haka muka gaskata. In ba wanda ya iya, ba ku shirya ba tukuna. Ku gayyaci katikis ko dattijo daga can ya zo ya yi bayani da bakinsa, ku ba shi ruwa da wurin zama mai kyau. Abin da zai kai ga ɗaga murya kuwa, a kai shi cikin ɗaki, kada a yi shi a bakin titi inda maƙwabta ke shimfiɗa tabarmar salla. Daga 18 zuwa 25 ga Janairu kowace shekara ikilisiyoyi da yawa suna yin makon addu'a domin haɗin kan masu bi. Ku tambayi shugabanku ko ana yinsa a unguwarku, ku tafi tare da mutumin nan da kuka fi yawan gardama da shi.