Wanda Ya Riga Zama

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta a Unguwar Sarki hanya ɗaya muka sani: in mun ga kuskure, mu goge shi. Haka muke kallon mugunta ma, wai sai an kashe ta.

Akwai fumfunar da ke zuba gubar aflatoksin a masara da gyaɗa, gubar da ke lalata hanta. Cibiyar IITA ta Ibadan ta zaƙulo 'yan'uwanta marasa guba a nan Najeriya, ta shafa su a ƙwayar dawa, aka kira maganin Aflasafe. Manomi zai watsa kilo 10 a hekta, mako biyu ko uku kafin masara ta yi fure. Marar guba ta mamaye gona, mai guba ta iso ta tarar babu masauki.

Mu kuwa, yaro ya fara shaye-shaye, sai mu ce a kama, a kulle. Me muka watsa a ransa tun yana ɗan shekara bakwai? Sharaɗin maganin nan biyu ne: a sa shi da wuri, kuma a maimaita kowace damina.