Da Wane Mudu Ake Auna Masu Digiri?

A watan Agustan 2023, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi a Najeriya ya tsaya a kashi 4.1 cikin ɗari a farkon shekarar. Alƙaluman da ta fitar kafin nan, na ƙarshen 2020, sun ce kashi 33.3 ne. Kowa ya san ba wasu masana'antu aka buɗe a tsakani ba, mudun awon aka sauya. A da, wanda aikinsa bai kai awa 20 a mako ba marar aiki ne a lissafi. Yanzu kuwa, bisa ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, awa ɗaya cikin kwana bakwai ta wadatar, muddin don lada ko riba aka yi ta.

Hukumar ba ta yi ƙarya ba, kuma sabon ma'aunin yana ba da damar kwatanta ƙasa da ƙasa. Sai dai idan aka ɗauki wannan mudu aka auna waɗanda suka gama jami'a, mai digirin injiniya da ke tsare wa yayansa shagon cajin waya ran Asabar zai faɗa layi ɗaya da abokin karatunsa da ke gina gada. A nan tambayar take: wane haƙƙi ne mutumin da aka ƙirga yake da shi a kan mai ƙirgar?

Duk mai son sanin ko ɗalibai na samun aiki bayan karatu sai ya yanke hukunci uku: me zai kira aiki, yaushe zai yi tambayar, kuma yaya zai yi da wanda bai amsa ba. Ana ganin waɗannan kamar lamarin lissafi ne kawai, alhali kowanne hukunci ne a kan rayuwar wani.

Ɗauki batun lokaci. A Birtaniya an daɗe ana tambayar ɗalibai wata shida bayan kammalawa, kuma jami'o'in da kansu ke tattara amsoshin. Daga 'yan ajin 2017/18 aka mayar da shi wata 15, aka kuma ɗauke aikin daga hannun jami'o'i zuwa cibiya ɗaya. Tarayyar Turai tana duba 'yan shekara 20 zuwa 34 da suka gama karatu cikin shekara ɗaya zuwa uku da suka wuce, har ta sa wa kanta burin kai kashi 82 zuwa 2020. A wurinmu akwai shekarar bautar ƙasa tun 1973. Wanda ya tambayi ɗalibi wata shida bayan digiri zai iya samunsa cikin kaki yana karɓar alawus. Ainihin jarrabawar tana farawa ne washegarin ranar da ya miƙa kakin ya koma ɗakinsa na zaure.

Batun wanda bai amsa ba ya fi damuna, wataƙila saboda sana'ata. Mai rubuta manhajar kwamfuta ya san gurbin da aka bari fayau daban yake da gurbin da aka rubuta sifili. Hanya mafi sauƙi ita ce a zubar da guraben da ba a cike ba, a yi lissafi da sauran. To amma wa ke saurin ɗaga waya idan tsohuwar makarantarsa ta kira? Wanda ya samu banki zai amsa da fara'a. Wanda ya shekara biyu yana yawo da takardu a ambulan, har ya daina zuwa ɗaurin auren abokai don gudun a ce masa "ina ake yanzu?", shi ne zai fi kin amsawa. Idan aka share shi, an yi amfani da kunyarsa wajen ƙawata sunan makarantar da ta yaye shi.

Akwai kuma abin da masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya lura da shi a 1975: da zarar an mayar da ma'auni abin da ake kora, ya daina faɗin gaskiya. An ga haka a wasu makarantun koyon lauya a Amurka, inda suka riƙa ɗaukar ɗalibansu aikin wucin gadi da kuɗin makaranta domin ranar ƙirga ta same su da aiki, matsayin makarantar ya ɗaga a jadawali. Sai da ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta sa aka riƙa ware irin waɗannan ayyuka daban. Da kowace lamba daidai take, amma tauye mudu ne, irin wanda Alƙur'ani ya yi wa masu yin sa kakkausan gargaɗi.

Ko da an gyara duk wannan, lambar ba ta faɗin dalili. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Idan 'ya'yan manya suka cika wata jami'a, sannan iyayensu suka sama musu aiki da kiran waya ɗaya, jadawali zai yaba wa jami'ar a kan abin da ba ita ta yi ba. Likitan da ya gama a Zariya ya tafi Saudiyya nasara ce a takardar makarantarsa, amma ga majinyacin da ke layi a asibitin ƙaramar hukuma rashi ne. Malamar da ta koma garinsu tana koyar da lissafi kan albashi kaɗan za ta ja matsakaicin kuɗin ajinsu ƙasa, ko da ita ce ta fi kowa amfanar jama'a.

Wani zai ce to a daina awon mana. Wannan ya fi muni. Uban da ya sayar da bijimi ko ya jinginar da gona don biyan kuɗin rajista yana da haƙƙin sanin inda waɗanda suka karanta wannan fanni suka ƙare. Yarinyar da ke cike fom ɗin JAMB ma haka. Idan babu alƙaluma, jita-jita da tallar makarantu ne za su zaɓa musu, kuma talaka ne zai biya kuɗin kuskuren.

Abin da ya kamata shi ne a auna a gaban mai kaya, kamar yadda ake yi a kasuwar hatsi. A faɗi abin da aka kira aiki. A rubuta adadin waɗanda ba a samu ba kusa da adadin waɗanda aka samu, da baƙi iri ɗaya. Kada makarantar da ake aunawa ta riƙe mudun. A koma a sake tambaya bayan shekara uku da biyar, tunda wani sai ya daɗe kafin sana'arsa ta kama ƙasa. Sannan a tambayi mutumin da kansa, kamar yadda binciken Birtaniya ke yi yanzu, ko yana amfani da abin da ya koya, kuma ko yana ganin aikin nasa yana da ma'ana. Jami'ar da ta yarda aka auna ta haka za ta iya jin abin da ba ta so, amma iyaye za su san abin da suke saye kafin su kai bijimin kara.