Kik, Batir da Ƙaddara

Tsohuwar Fijo 504 ba ta gama ɓacewa daga hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi ba. Kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa a 1968, masana'antar da aka buɗe a Kaduna a 1975 kuma ta yi ta harhaɗa ta shekara da shekaru bayan Faransawa sun daina, shi ya sa har yau ake samun gawarta a ƙarƙashin bishiya a Bakori ko Tsiga, taya a sace, kaji na kwana a ciki. Wani yakan ɗauko ta ya farfaɗo da ita don ɗaukar masara da dawa da kaka, wani kuwa don mahaifinsa ne ya bar ta. A gyara jiki, a yi fenti, a zuba mai, ranar da za a tayar a murza makulli sai a ji ƙas, shiru. A nan ne ake jin maganganu biyu. Bakanike ya ce, "Alhaji, kik ne, sai an sake." Mai mota ya ce, "To, haka Allah ya ƙaddara." Ra'ayina shi ne dukansu sun yi gaggawa, kuma gaggawar tasu iri ɗaya ce: kowannensu ya yanke hukunci kafin a bincika, sai dai na biyun ya fi haɗari, domin ya jingina kasalarsa ga addini.

Kik shi ne ƙarshen wata doguwar sarƙa. Wuta na tasowa daga batir, wanda idan ya cika yakan nuna kusan bolt 12.6, ta bi kan batir da kaurin waya, makulli ya aika ƙaramar wuta zuwa ɗan gwangwanin maganaɗisu da ke goye a bayan kik, shi kuma ya tura ɗan ƙaramin giya cikin haƙoran filawil ya haɗa babbar wutar, sannan ta koma batir ta jikin ƙarfen mota. Kik yana zuƙar wuta fiye da amfiya 100 a cikin daƙiƙun da yake juyi, saboda haka 'yar tsatsar da ba za ta hana rediyo magana ba ta isa ta hana shi motsi. A motar da ta shekara goma a ajiye, damina ta bi ta kanta, abin zargi na farko shi ne farin garin nan mai kore-kore da ke taruwa a kan batir, da wayar da ke haɗa injin da jikin mota, wadda sau da yawa mai fenti ke shafe mazauninta ba tare da ya sani ba. Mai rewaya da ya san aikinsa yakan kunna fitilun gaba ya ce a murza. Idan suka dushe, wutar ba ta isa ba ko kik ya cije. Idan suka tsaya da haskensu, saƙon ne bai kai ba ko kik bai karɓa ba. Idan kuwa aka ji kik na gudu fiii injin bai juya ba, giyar ce ba ta kama haƙora ba. Kowace alama tana kore wasu dalilai ta bar wasu. Wanda ya tsallake wannan ya sayo sabon kik, zai ɗaura shi a kan wayar da ta ruɓe, ya murza ya sake jin ƙas.

Mai karatun tauhidi zai iya tare ni a nan. Zai ce ai aƙidar da ake karantarwa a zaurukanmu, ta littattafan Shehu Sanusi na Tilimsan wanda ya rasu a 1490, tana cewa sababi ba ya yin tasiri da kansa. Kafinsa Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a cikin Tahafutul Falasifa, misalin da manomin ƙasar Funtuwa zai gane ba tare da sharhi ba: abin da ido ya gani shi ne auduga ta ƙone a lokacin da wuta ta taɓa ta, ido bai ga cewa wutar ce ta halicci ƙonewar ba. To in haka ne, in ji mai tambaya, me ya sa za a ɗora wa waya da batir nauyin da ba nasu ba? Amsar tana cikin maganar malaman kansu. Ba su ce babu tsari ba, cewa suka yi tsarin al'ada ce da Allah ya gudanar, kuma ana saninta ta hanyar maimaituwa. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya yi wa Gazali raddi da cewa mai musun sababi ya musanta ilimi gaba ɗaya. Sun saɓa a kan wane ne mai aikatawa na haƙiƙa, amma babu ɗayansu da zai ajiye damin auduga kusa da murhu. Idan har abin da ke faruwa tsakanin batir da kik al'adar Allah ce, to bin diddiginta karanta abin da Allah ya tsara ne, ƙin bi kuwa jahiltar tsarin ne da gangan. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke can, aka tuhume shi da gudun ƙaddara, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Goge kan batir ma haka.

Akwai wata hujja da ta fi wannan kama zuciya, domin ana ganinta a tasha. Mota ta ƙi tashi, a ƙwanƙwasa kik da sifana, a yi bisimilla, sai ta tashi. Gobe ta tashi ba gardama, jibi ta ƙi. Irin wannan ne ke sa a fara raɗe-raɗin baki ko sammu, musamman idan motar gado ce da aka yi rigima a kanta. Amma rashin daidaiton ma yana da dalilinsa. A cikin kik akwai 'yan burushi na kabon da ke gogar tagullar da ke juyawa. Idan suka cinye, wani lokaci su taɓa, wani lokaci su tsaya gab da taɓawa, bugun sifana kuwa yana girgiza su su zauna. Bisimilla tana da ladanta, kuma babu mumini da zai raina ta, sai dai ba ta zo don ta maye gurbin burushi ba. Abin da ya fi damuna a nan shi ne inda zargin ke sauka. Wanda bai buɗe kik ba ya ce hannu aka sa wa motarsa, ya ɗora laifi a kan wani ɗan uwa ko maƙwabci ba da shaida ba, alhali Suratul Hujurat ta yi hani ga yawan zato, shari'a kuma ta ɗora wa mai da'awa nauyin kawo hujja. Hausawa ma sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Zumunci ya tsinke a kan kabon da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Za a ce talauci ne, bakaniken ƙauye ba shi da na'urar awo. Amma gwajin fitila ba ya cin ko sisi, kuma sabon kik ya fi takardar gogewa tsada nesa ba kusa ba.

Saura mai cewa, idan komai waya ce da kabon, me ya kawo ambaton Allah a gareji? Shi ma ya yi gaggawa ta ɗaya ɓangaren. Binciken mai rewaya yana nuna yadda abu ke bin abu, ba ya faɗin me ya sa akwai tsarin da za a bi tun farko, ko me ya sa tagulla ta yau ke ɗaukar wuta kamar ta 1912, shekarar da motar Cadillac ta fara fitowa da kik ɗin lantarki na Charles Kettering aka soma hutawa da wana hannu. Kuma ilimin gwaji ba ya kaiwa ga tabbas ɗari bisa ɗari. Ana iya bin kowace waya, a sake burushi, motar ta yi wata guda lafiya, sannan ta ƙi tashi a tsakiyar hanya da buhuna a baya saboda wani haƙorin filawil da ba a gani ba. A nan kalmar ƙaddara take da gurbinta, kuma a nan take sanyaya zuciya, domin an yi abin da ake iyawa. Hadisin mai raƙumi da Tirmizi ya ruwaito ya sa ɗaure raƙumin a gaba, dogaro ga Allah ya biyo tare da shi, bai ba da zaɓi tsakaninsu ba.

Saboda haka bakaniken da ya karɓi kuɗin sabon kik bai gwada batir ba, motar ta ƙi tashi, ya ɗaga kafaɗa ya ce ikon Allah, ya ci amana, kuma ambaton Allah bai wanke shi ba. Mai motar da ya yarda da shi don gudun a ce bai da tawakkali, shi ma ya taya a ɓata dukiyarsa. Duk wanda zai kai tsohuwar mota gareji a Bakori ko Funtuwa, yana da haƙƙin ya ce, "Malam, nuna mini abin da ka gwada," kafin ya sa hannu a aljihu.