Ɗaurarre Ya Ja Gaba

Daga ina mutum ya kan sami a ji maganarsa, shi da ba a naɗa ba? Mu duba Ayyukan Manzanni sura 27. Mutum 276 ke cikin jirgin nan. Ga jarumi Yuliyus, ga sarkin jirgi. Bulus kuwa ɗaurarre ne, shawararsa ta fari ma an ƙi ta. Amma a dare na 14 cikin guguwa, sa'ad da matuƙa suka nemi gudu, shi aka saurara. Mun ga bai ƙwace ikon kowa ba, gama wurin jarumi da sojojinsa ya kai magana, su suka yanke igiyoyin ƙaramin jirgin. Da ya roƙe su su ci abinci kuwa, shi ya fara gutsura gurasa a gabansu, kana suka ci.