Ma'anar Kalman Nan Ekklesiya

Ya 'yan'uwa, kalman nan ekklesiya ba Hausa ba ce. Daga Helenanci muka aro ta, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, ma'anarta kuwa taron mutane da aka kira. Ku duba Ayyukan Manzanni 19:32. Har taron masu hargitsi na Afisa, da sunan nan Luka ya kira su. Manzanni ba su taɓa kiran gini da ita ba. Cikin Romawa 16:5, a gidan Akila da Biriskilla take taruwa.

To, waɗansunmu da 'yan bindiga suka kora daga wajen Janbako suna zaune a Talata Mafara, suna cewa ba su da ekklesiya. Bari mu neme su gida gida kafin Lahadi.