Tsakanin Halwa da Karantarwa

Tun zamanin magabata malamai ke muhawara a kan wanda ya fi falala, shin mai zuhudu da ya kaɗaita a halwa domin tsarkake zuciyarsa, ko kuwa malamin da ya shiga cikin jama'a yana jure cutarwarsu domin ya karantar da su. Mu mutanen ƙasar Ƙonni muna da hujja a ƙofar gida, domin a Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1754, wanda ko da yake ya riƙi ɗariƙar Ƙadiriyya, ya kuma sha ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, bai yarda wuridi ya tsare shi a zaure ba, sai ya fita wa'azi yana ɗan shekara ashirin, ya ratsa Kabi da Zamfara. A cikin littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantar da almajirai alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin jahilci. Lalle ilimi amana ne, kuma wanda ya ɓoye shi ga iyalinsa da maƙwabtansa za a tambaye shi gobe Ƙiyama.